Wasiƙar da Na Buɗe da Tururi

Ina shekara ta huɗu da fara koyar da lissafi a wata koleji a Tawa sa'ad da na nemi karatun ordinatar, abin da yanzu kowa ke kira kwamfuta. Lokacin jam'iyyu ne, ba a daɗe da buɗe su ba, garin ya cika da tutoci da zargi. Mutum ya gaishe ka da fara'a, sai ka tsaya tunanin abin da yake nema. A ɗakin malamai, inda a da muke gardamar ƙwallo, kowa ya koma auna maganarsa kafin ya fitar, don ba ka san kunnen da za ta faɗa ba kafin la'asar. An ɗauke wani malamin tarihi a tsakiyar shekara aka tura shi can gaba da Takanamat. Ba wanda ya faɗi dalili, amma kowa yana da nasa da ya riƙe a ciki.

Ni ina cikin masu ɗaga murya a taron sandika, ƙungiyarmu ta malamai. Direktanmu kuwa dattijo ne ɗan Damagaram, mai ƙarancin magana, kuma an ce yana tare da masu mulki. Ban taɓa ganinsa a taron wata jam'iyya ba. Duk da haka na yarda da abin da aka ce.

Wata Litinin cikin bazara, lokacin hutun ƙarfe goma, sakatariyar makarantarmu ta kira ni. Mace ce mai shekaru, kowa Madam yake ce mata, ta riga kowa daɗewa a makarantar. Ta tura ƙofa ta bar ta rabi a buɗe, ta ɗaga wasu takardu a gefen injin bugunta, ta zaro ɗaya.

"Mushe, ba lisans ɗin lissafi gare ka ba?"

Mushe ake kiran malami namiji a wurinmu, daga Faransanci. Na ce shi ne digirin da na yi.

"To karanta nan. A tsaye, kada ka zauna."

Sanarwa ce. Wata makaranta a ɗaya daga cikin ƙasashen bakin teku masu Faransanci za ta ɗauki masu lisans na lissafi ko fizik, su yi shekara biyu suna karatun ordinatar, a ɗauke musu ci da kwana. Ƴan ƙalilan za a ɗauka daga ƙasarmu. Sai mutum ya haɗa dosiye, wato takardunsa gaba ɗaya, a kai wani biro, wato ofishi, a Yamai, daga baya a kira jarrabawa. Na duba hatimin da ake bugawa ranar da takarda ta iso makaranta. Mako uku ke nan tana kwance. Saura kwana goma sha ɗaya a rufe.

"Madam, me ya sa ba a liƙa ta a allo ba?"

"Ni bugu aka ɗauke ni, ba liƙi ba," in ji ta. Ta karɓe takardar ta mayar inda take. "Kuma ba a wajena ka gani ba."

Na fito da murna da tsoro a haɗe. Kafin in kai ƙofar aji, tsoron ya fi yawa. Me ya sa ni ta zaɓa? Wa ya sa ta? Na yi tunanin ko tarko ne, a sa ni in rubuta da hannuna cewa ina son barin makarantar, a ajiye takardar sai ranar da ake buƙatarta.

Amma abin ya riga ya shiga raina. A jami'a mun yi darasi guda na rubuta wa ordinatar umarni, kuma a takarda muka yi shi, malami ya gyara da jan biro. Na'urar ɗaya ce, a wani ɗaki mai sanyi da ake kullewa, ana shigar da mu rukuni-rukuni. Sau biyu yatsuna suka taɓa ta. Tun daga nan ban daina ba. Ina da wani littafi da nake rubuta irin waɗannan umarni a ciki, yadda za a jera sakamakon ɗalibai daga babba zuwa ƙarami, yadda za a fitar da matsakaicin maki, ba tare da sanin ko za su yi aiki in an sa su a na'ura ba. Har manyan ɗalibaina nakan koya wa a allo ranar Laraba da yamma. Direkta ya sani, don a wurinsa nake karɓar makullin ajin.

Ranar nan da azahar na shiga ofishinsa. Cikin abubuwan da ake buƙata har da wasiƙar shaida daga shugaban wurin aiki, a rufe, da hatiminsa a bakin ambulan. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ina jiran ya tambaye ni inda na ji labari, na ma shirya ƙaryar da zan yi. Bai tambaya ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce, "Ka dawo ranar Alhamis." Shi ke nan. Rashin tambayar nan ya fi damuna fiye da in da ya yi faɗa.

Takardar haihuwata ta asali tana wurin mahaifina, a ƙauyenmu kusa da Bambeye. Ranar Laraba na sallami ɗaliban yamma na hau mota. Na same shi a gona yana gyara jerin duwatsun da ke tare ruwa, rana tana dukan ƙeyarsa. Muka koma gida, ya sha ruwa, ya saurare ni har na gama.

"Makarantar ta wa ce?"

Na yi masa bayani iya sanina.

"To mi sunka gani gare ka da za su ɗauke ka su ciyad da kai shekara biyu?"

"Baba, jarrabawa za a yi. Wanda ya ci shi za su ɗauka."

"Haka sunka ce. Shi abin da za a koya maka, ana riƙa shi a hannu?"

Na ce na'ura ce, kamar akwatin telebijin da injin bugu a haɗe, tana lissafin da mutum ɗari ba za su gama a wuni ba. Ya dube ni irin kallon da yake wa dillalin da ya cika yabon akuya. Amma ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin da yake ajiye takardu, ya ba ni tawa.

"Kada ka ba kowa wagga, ka ba su wadda anka kwahe. Kuma kada ka hwaɗa ma kowa sai ka ga ƙahwarka cikin mota. Ko abokinka."

Abokin da yake nufi malamin fizik ne a makarantarmu. Tare muka fara aiki, ɗaki ɗaya muka zauna har na yi aure, sau da yawa ya raka ni ƙauye. Kullum bayan la'asar muna shan shayi a ƙofar wani tela. Abu ɗaya ne ban taɓa ɗauka da nauyi ba sai a makon nan: yayarsa ce matar direkta.

Da safiyar Alhamis, kafin aji, na je wurin mai hoto a bakin kasuwa, wani Bamaraɗe mai yawan surutu, don ana son ƙananan hotuna. Ina shiga abokina yana fitowa, yana cusa wani abu a aljihu. Muka gaisa a gurguje. Mai hoto yana gyara mini wuyan riga ya ce, "Malaman koleji duk tafiya za ku yi ne? Shi mutumin naka tun mako biyu ya yi nashi, yau ƙari ya zo karɓa."

Da la'asar a ƙofar tela na jira aka zuba shayin farko, na ce, kamar ba komai, "Yau na gan ka wurin mai hoto."

"Katin ɗan ƙasa ne," in ji shi. "Ya tsufa, ga zaɓe na zuwa. Kai fa?"

"Ni ma shi ne."

Ya ce madalla. Muka sha na biyu da na uku muna maganar tsadar shinkafa. Tela yana ta taka kekensa, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, don bai saba jin mu da irin wannan ladabi ba.

A ranar ne direkta ya ba ni ambulan, a rufe, hatimi a bakinta, sa hannunsa ya ratsa ta kan hatimin. Ya ce in na gama haɗa sauran in kawo, jakar makaranta za ta tafi ranar Litinin ta hanyar da takardun aiki suke bi. Na ce to. Da na fito na leƙa wurin Madam na tambaye ta a hankali me ya sa a ciki.

"Ban buga ba," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Da hannunsa ya rubuta."

Mutumin da ko takardar neman alli sai an buga masa, yau shi ne da rubutun hannu. Na kwana da ambulan ɗin a cikin akwati, na tashi da ita a raina. Na ɗaga ta a rana ban ga komai ba sai inuwar layuka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na hura gawayi na ɗora buta. Matata tana tsintar wake a inuwar zaure. Ta yi koleji kafin mu yi aure, tana karanta Faransanci sarai. Ta ga butar ba ganyen shayi a kusa, ta ga ambulan a hannuna.

"Mushe, ba an ce a rufe ake son ta ba?"

"A rufe za ta je."

Na riƙe bakin ambulan ɗin a kan tururi har danƙon ya saki, na sa bakin wuƙa na ɗaga a hankali. Gefen hatimin ya ɗan narke, shuɗin tawada ya bazu kamar ƙwayar gero biyu. Na zaro takardar.

Rabin shafi ce. Ya ce ba na makara, ɗalibaina suna cin jarrabawa, na san abin da nake koyarwa. Ya ce ina da taurin kai a wurin taro, amma ban taɓa barin aji ba sai ranar da aka kira yajin aiki. Sai kuma ya rubuta: ya kamata a sani cewa wannan malami bai taɓa samun damar aiki da na'ura ba, abin da ya sani a takarda da allo ya koya, a kansu kuma yake koyar da wasu.

Na miƙa wa matata. "Kin gani? Ya kashe ni. Ya rubuta musu ban san abin ba, ya kuma rubuta musu ni ɗan yajin aiki ne. Ya share wa ƙanin matarsa hanya."

Ta share hannu ta karɓa ta karanta, leɓɓanta na motsi. Ta sake karantawa.

"Ina ƙaryar take a ciki?"

"Ba maganar ƙarya nake ba. Nufinsa nake faɗa miki."

"Nufinsa sai Allah. Ina taka wadda ka rubuta?"

Ana son mai nema shi ma ya rubuta wasiƙa ya faɗi dalilinsa. Na riga na rubuta tawa, na kwafe ta da kyau. A ciki na ce na saba aiki da ordinatar a ofishin wani aikin raya karkara da ke Tawa. Gaskiyar ita ce, wata rana na raka wani can, na zauna kusan awa ɗaya ina kallon wata mata tana bugawa, da ta gama ta lulluɓe na'urar da ƙyalle. Matata ta ajiye takardun biyu a kan tabarma, ɗaya gefen ɗaya, ta ɗora ƙwayar wake a kan kowace don kada iska ta kwashe, ta koma kan tsintarta.

Na sake rubuta tawa a yammacin nan. Ba zan ce tsoron Allah ne ya sa ni ba. Na ga dai in takardun biyu suka haɗu a tebur ɗaya, ni za a kama, ba shi ba. Na faɗi sau biyun da na taɓa na'ura, na faɗi littafina da darasin Laraba. Ina rubutawa ina jin kamar direkta ne ya riƙe mini hannu, abin yana ci mini rai. Na jiƙa ƙaro a murfin kwalba na shafa a bakin ambulan ɗinsa, na danne da turmi har ya bushe.

Saura aikawa. Jakar makaranta na riga na cire ta daga lissafi. Takardar da ta kwanta mako uku a hanyar shigowa, me zai hana tawa ta kwanta a hanyar fita? Gidan waya kuma suna yajin aiki. Sai matata ta tuna kawunta, mai fataucin fata da ƙirgi, zai bi babbar mota zuwa Yamai ranar Asabar. Na kai masa da kaina. Ya naɗe dosiyen a tsumma mai tsabta ya sa a cikin rigarsa, na rubuta masa sunan biron da kwatancensa, na maimaita masa sau uku kada ya ba kowa sai wanda zai rubuta a littafi a gabansa.

Ranar Litinin da yamma aka zo kirana daga kantin wani ɗan kasuwa mai tarho a unguwarmu. Kawu ne, muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa.

"Sun ƙi amsa. Sun ce babu takardar rakiya daga mai gidanka da na sama da shi. Sun ce ma'aikaci ba shi aiko da kainai kamar mai saida albasa."

Na tambaye shi ko ya ga alamar an riga an yi musu magana a kaina. Ya ce shi dai bai ga alamar sun san da ni a duniya ba. Ya ba wani direban mota, dosiyen ya dawo hannuna ranar Talata da magariba, yana warin fata.

Laraba da safe na tsaya a gaban direkta, saura kwana biyu. Na ce masa an sami kuskure, na ɗauka ana iya aikawa kai tsaye. Ya buɗe dosiyen yana duba takardun ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan ambulan ɗinsa. Ya juya ta. Ya bi bakinta da babban yatsa, inda ƙaro ya bushe ya yi ƙyalli. Ya daɗe a kan hatimin.

"Ya jiƙe," ya ce. "Ba za su karɓa haka ba."

Wata bakwai rabonmu da ruwan sama. Na tsaya ina kallon bango.

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko sabuwar ambulan, ya yage tsohuwar, ya mayar da wasiƙar, ya liƙe, ya buga hatimi, ya sa hannu. Ko a lokacin, da kunyar da ta rufe ni, idona yana kan yatsunsa, ina tabbatar da cewa takardar da ya fitar ita ya mayar. Ya kira Madam ta buga takardar rakiya, ya ce in kai wa sufeton makarantu ya sa hannu kafin azahar.

"Jaka ta tafi tun Litinin. Sai dai ka kai da kanka." Ya rubuta mini izinin kwana uku. Na fito na tsaya a bayan aji na karanta izinin sau biyu, na duba kwanakin da hatimin, kada in dawo a ce na gudu daga aiki.

Na isa Yamai ranar Alhamis da yamma, na sauka wurin kawu. Juma'a da safe ina ƙofar biron kafin a buɗe. Wani ma'aikaci ya karɓa, ya ƙirga takardun da yatsa mai miyau, ya buɗe babban littafi zai rubuta sunana. Malami ya iya karatu a juye, aikinmu ne a kan teburin ɗalibai. Na bi shafin da ido daga inda nake tsaye. Can sama, kwanaki da yawa kafin nawa, ga sunan abokina, ga Tawa a gefensa.

Na dawo ban ce masa komai ba. Ban daina zuwa ƙofar tela ba, don in na daina zai gane. Wata guda muka yi a haka, muna shan shayi muna hirar komai ban da abin da ke gabanmu. Na lura ya daina zama har magariba. Ni ma na daina. Kowa yana komawa gida ya buɗe tsofaffin littattafan jami'a.

Takardar kiran jarrabawa ta zo, Madam ta miƙa mini tawa a ninke. Ranar tafiya na isa tasha bayan sallar asuba, na tarar da shi zaune a kan jakarsa. Mota ɗaya ce mai zuwa Yamai a safiyar, kuma kujera ɗaya aka ba mu, kafaɗa da kafaɗa. Muka wuce Ƙonni. A Dogon Dutsi aka tsaya sallah da cin abinci, muka sami kanmu a benci ɗaya wurin mai tuwo.

"Katin ɗan ƙasa," na ce.

"Kai ma katin ɗan ƙasa," in ji shi.

"Kai ka riga ni da mako uku."

Ya ajiye cokali. Ya ce direkta ya je gida da takardar cikin wasu, yayarsa ta gani a kan tebur ta faɗa masa. Shi direktan bai ce masa uffan ba sai da ya je neman wasiƙa. Ya ce ya yi niyyar gaya mini, sai ya tuna guraben kaɗan ne kuma na fi shi lissafi, ya ce gobe, gobe ta zama mako.

"To me ya hana shi liƙa ta a allo?"

"Ban sani ba. Amma abu ɗaya na sani, shi ya tura Madam wurinka."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Wallahi. In da shi ya kira ka ya ce ga karatu ka tafi, me za ka ce a sandika? Cewa za ka yi yana son raba ka da makarantar."

Wannan kam gaskiya ne, haka zan ce. Amma na tambaye shi, in haka ne, me ya sa sai da mako uku suka wuce, sai da nasa dosiyen ya isa Yamai, sannan aka tuna da ni? Direba ya danna oda, muka tashi. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa mini ba, ko kuwa yana gyara sunan mijin yayarsa ne, ko shi ma haka aka gaya masa.

Jarrabawar kwana biyu ce. Ranar farko rubutu, lissafi da tambayoyin kaifin tunani, a babban ɗaki cike da mutane, babu na'ura ko ɗaya. Rana ta biyu ana kiran mutum shi kaɗai gaban baƙi uku da suka zo daga makarantar, maza biyu da mace ɗaya. Dosiyena yana buɗe a gabansu, na hango rubutun hannun direkta a sama. Matar ta tambaye ni sau nawa na taɓa ordinatar. Na ce biyu. Ɗaya daga cikin mazan ya yi murmushi, ban san irinsa ba. Ta miƙo mini alli ta ce in nuna musu a allo yadda zan sa na'ura ta jera sunaye bisa haruffa. Wannan na yi shi ba adadi a ranakun Laraba. Na rubuta, ta nuna wuri ɗaya ta ce in jerin babu kowa a ciki fa? Na ga kuskuren, na goge da gefen hannu na gyara. Suka ce in tafi.

Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, shiru. Wata rana bayan labaran rana aka karanta sanarwa a rediyo. Ina tsakar gida, matata ta tsayar da daka. Aka karanta sunayen, ba nawa, ba na abokina. Da la'asar muka haɗu a ƙofar tela, karon farko cikin watanni muka yi magana da baki ɗaya: suna na biyu a jerin, mun rantse ba mu ji an kira shi a ɗakin jarrabawa ba. Muka yi ta juya sunan, ɗan wa ne, wace jam'iyya ce ta ubansa. Yanzu in na tuna, ɗakin babba ne, mai kiran sunayen kuma ba ya ɗaga murya. Amma a ranar ba mu da shakka ko kaɗan, kuma abin ya yi mana daɗi fiye da yadda ya kamata.

An koma makaranta bayan hutu, an fara yankan gero, sai sufeto ya aiko a kira ni. Na tafi ina lissafin abin da na faɗa a taron sandika na ƙarshe. Ya ce an bugo tarho daga Yamai. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauka ya fasa, ni ne na farko a jerin masu jira, ana so in isa cikin mako guda. Na ce ya ba ni a rubuce. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce takarda tana hanya, in ina so in jira ta in rasa gurbin, ruwana. Ban gaya wa kowa ba sai matata, har takardar ta iso bayan kwana uku.

Ba a turo wanda zai maye gurbina ba. Aka raba azuzuwana, mafi yawansu aka ɗora wa abokina a kan nasa. Da na gaya masa zan tafi ya ce Allah ya sa alheri, ya riƙe hannuna ya daɗe, fuskarsa ba ta nuna mini komai ba.

Ranar jajibirin tafiya na je sallama da direkta. Na shirya tambayata tun daga gida, na ma tsara yadda zan fara ta da godiya. Na zauna, sai ya jawo wata takarda da ya riga ya ja wa layuka, ya ce in faɗa masa inda kowane aji ya tsaya. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan aji sun gama babi na biyu amma rabinsu ba su gane ba, wancan akwai yara huɗu da ya kamata a dawo da su benci na gaba, ga wata yarinya da ba ta gani sosai daga nesa kuma ba za ta faɗa ba. Yana rubutawa yana tambaya, har aka kira azahar. Ya rufe biro ya miƙe, ya ba ni hannu, ya ce in gaida mutanen can. Washegari da hantsi matata da kawunta suka raka ni tasha, na shiga motar Ƙonni, zangon farko na hanyata.